Abin da kyamara marar madubi ta koya mini a ƙurar Katsina

Duk wanda ya koyi ɗaukar hoto a Katsina kafin 'yan shekarun nan, da kyamara mai madubi ya buɗe ido, wato DSLR. A cikinta akwai ɗan madubi a karkace wanda ke karɓar haske daga gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara ya tura shi sama zuwa idon mai ɗauka. Sai an danna sannan madubin ya ɗaga, haske ya isa kan sensa, wato ɗan faifan da ke kama hoton a ciki, a ji wannan ƙarar da kowa ya sani a wajen biki. Marar madubi ta cire wannan gaba ɗaya. Haske na zuwa kai tsaye kan sensa, ita kuma sensar ta riƙa aika abin da take gani zuwa wani ɗan allo da ke cikin tagar leƙawa. Kamfanin Panasonic ne ya fara fitar da irinta a 2008, Sony ya kawo mai babbar sensa a 2013, Canon da Nikon suka shigo da ƙarfinsu a 2018. Ni wadda nake aiki da ita matsakaiciya ce, irin da ake yi domin wanda ya wuce hoton waya amma bai kai ga sayen ta manyan 'yan jarida ba. Na yi bukukuwa da ita, na yi hawan Sallah, na yi Sallar Gani a Daura, kuma abin da na fahimta shi ne ƙarfinta da rauninta duk daga wuri ɗaya suke fitowa: sensarta a buɗe take, kuma ba ta daina aiki muddin kyamara na kunne.

Babban alherin da na samu shi ne ganin hoto tun kafin a ɗauke shi. Wanda bai taɓa tsayawa a Ƙofar Soro da hantsi ba, ba zai san girman wannan ba. Hakimi ya taho a kan doki cikin farar alkyabba da farin rawani, rana na dukansa, fuskarsa kuma baƙa ce tana cikin inuwar amawali. Ma'aunin hasken kyamara an gina shi ne a kan ya mayar da komai tsaka-tsaki, don haka da ya ga fari ya cika ko'ina sai ya rage haske, fuskar mutum ta nutse. In ka ƙara domin fuska ta fito, aikin da ke jikin riga ya wanke, aska takwas ɗin da maɗinki ya yi wata da watanni yana zubawa ta koma farin fili. Da mai madubi sai ka ɗauka, ka sauke kyamara, ka kare allo da hannu ka duba, ka gyara, kafin nan dokin ya wuce. Da marar madubi idona na cikin taga, yatsana na juya maɓalli, ina kallon fuskar tana buɗewa. Akwai ma wasu layuka masu motsi da take zanawa a kan duk inda fari ya kusa ƙonewa, da sun bayyana a kafaɗar alkyabba na san na kai iyaka. Wannan ya sa na fara girmama fatar mutanenmu a hoto yadda ya kamata. Na daina mayar wa mutane hoton da za su ce an baƙanta su, na kuma daina wanke fuska a kwamfuta har ta zama ba ta mai ita ba, abin da nake ganin cin fuska ne ko da mai hoton ya nema.

Yaran da ke koyon aiki a wajena sun fi mu saurin gane haske saboda wannan. Abin da maigidana ya daɗe yana yi mini bayani da baki, su a ido suke ganinsa.

Sai kama ido. Sabbin kyamarorin nan na gane fuskar mutum, su nemo ƙwayar idonsa, su riƙe ta ko yana motsi. A wajen kamu ko dina, inda amarya ke tahowa a hankali ƙawaye na biye, wannan ni'ima ce, domin hankalina ya koma kan inda zan tsaya da lokacin da zan danna. Amma a filin hawa ba na sakar mata ragama. In amawali ya rufe baki da hanci, ko lulluɓi ya sauko, ko ƙura ta turnuƙe lokacin jahi, sai ta rasa wanda nake nufi ta koma kan wani ɗan kallo a gefe wanda fuskarsa ke buɗe. A nan nakan kashe neman ido, in zaɓi wuri guda da kaina, in ɗora shi a ƙirjin mahayi in bi shi. Ita kyamara fuska take nema, ba ta san wane ne Sarki wane ne dogari ba.

Akwai kuma ɗauka ba tare da ƙara ba. A wajen ɗaurin aure, liman na huɗuba, waliyyai na karɓa, ba ka son ƙarar kyamara ta riƙa sara maganar. Na ji daɗin wannan ƙwarai. Sai dai ya ɗora mini wani nauyi da ban da shi a da. Ƙarar kyamara sanarwa ce, mace ta ji ta gyara mayafi, dattijo ya ji ya gyara zama ko ya ɗaga hannu ya ce a'a. In babu ƙara, babu mai sanin an ɗauke shi. Don haka in na shiga cikin gida wajen mata, sai na mayar da ƙarar, kuma sai na tambayi uwar biki tukuna: “Hajiya, su wa za a ɗauka, su wa za a bari?” Ba na son wata ta ga kanta a Facebook alhali ba ta san an yi ba.

Ɗaukar shiru tana da wata matsala ta fasaha. Sensa ba ta karanta hoton gaba ɗaya lokaci guda, layi-layi take bi daga sama zuwa ƙasa. In abu na gudu, kafin ta kai ƙasa ya gusa, sai ka ga mashin da ke hannun mahayi ya lanƙwashe, ƙafar doki ta karkace. A zauren biki kuma, ƙarƙashin fitilun zamani masu ƙyaftawa da saurin da ido ba ya gani, sai hoto ya fito da ratsi-ratsi na duhu da haske. Wutar Najeriya tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa saita saurin ɗauka a 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa yakan kashe ratsin. Amma yawancin wuraren bikinmu a kan janareto suke, shi kuwa janareto bugunsa hawa da sauka yake yi gwargwadon nauyin da aka ɗora masa. Da na ji an tayar da inji, ina komawa ɗauka mai ƙara.

To, sensar da ba ta hutawa wuta take ci. Ƙungiyar kamfanonin kyamara ta Japan, CIPA, tana da ma'auni ɗaya da take gwada batir da shi. A ma'auninta Nikon D750 mai madubi tana kai hoto 1,230 a caji guda, Sony a6000 marar madubi kuwa wajen 360. An samu ci gaba daga baya, domin Sony A7 III ta 2018 ta kai wajen 700. A aikace akan wuce waɗannan alƙaluma, amma tazarar gaskiya ce. Wanda ke zaune inda wuta ba ta ɗaukewa zai ɗauki wannan ƙaramin abu. A wajenmu kuwa, daren jajibirin Sallah in babu wuta, lissafin gobe ne gaba ɗaya ke rikicewa. Na koyi in riƙa kashe kyamara tsakanin tawagar hakimi da ta wani, in rufe allon baya in dogara da taga, in riƙe batura da yawa a aljihun gaba, kowane da lambarsa don kada in haɗa cikakke da wanda ya ƙare. Sauƙin da aka samu shi ne yawancin kyamarorin nan ana iya yi masu caji da igiyar USB, saboda haka batirin cajin waya ko ƙaramar sola na iya fitar da mutum kunya a kan hanyar Daura.

Zafi ma daga nan yake. Littattafan da ke zuwa da kyamarori yawanci sun rubuta a yi aiki da su tsakanin digiri 0 da 40. Katsina a watan Afrilu tana kai 40 har ta wuce, a inuwa ma. Hoto tsaye ba ya cika damunta, amma dogon bidiyo mai nauyi irin 4K a cikin rana yakan sa alamar zafi ta fito, in ba a kula ba ta kashe kanta. Ja allon baya ya rabu da jikinta yana taimakawa, haka ma sa yaro ya riƙe laima, haka rage nauyin bidiyon in ba lallai ba ne.

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ita ce ƙura. A mai madubi, in ka cire gilashi, madubi da labulen shota, wanda ke buɗewa ya rufe lokacin ɗauka, su ne ke tsaye a gaban sensa, kuma tana can ciki, milimita 44 daga baki a tsarin Canon na da. A marar madubi tazarar ta koma 18 a Sony, 16 a Nikon, kuma a da yawa daga cikinsu da ka cire gilashi ga sensa nan tsirara tana kallonka. Yanzu a tuna hunturu, lokacin da hazo ke sauka har hasumiyar Gobarau ta dushe daga nesa, kuma shi ne lokacin da bukukuwa suka fi yawa. Ƙurar hunturu kamar garin da aka tankaɗe take, tana shiga inda ba a zata ba. Ba za ka gan ta a hoton amarya ba, sai ranar da ka tsuke ƙofar hasken gilashi zuwa lamba 11 ko 16 don ɗaukar taron jama'a, sannan ka ga ɗigo-ɗigo a sararin sama, wuri ɗaya a kowane hoto. Goge ɗigo a hoto ɗari biyar aikin dare ne, a bidiyo kuwa kusan babu magani.

Dokata ga yarana a nan ba ta da sassauci. Ba a canja gilashi a fili. In ya zama dole, a shiga mota ko ɗaki, a kashe kyamara, a juya bakinta ƙasa, a shirya sabon gilashin a hannu kafin a cire tsohon. Ba a hura sensa da baki, ba a taɓa ta da gefen riga. Akwai 'yar roba ta hura iska, ita kaɗai na yarda su riƙe. Wani yaro ya taɓa ce mini: “Oga, ai an ce wannan kyamarar ruwa da ƙura ba sa shigarta.” Na ce masa robar da aka zagaya wa jikinta tana aiki ne in gilashin ma yana da tasa, kuma in yana manne. Wasu sabbi suna sauke labule su rufe sensa da zarar an kashe su, wanda zai saya a ƙasarmu ya nemi wannan kafin ya tambayi yawan megafiksel. In kuwa abu ya lalace a ciki, sau da yawa sai an kai Kano ko Legas, wani lokaci a jira kayan gyara daga waje, aiki yana tsaye.

Maganar rashin nauyi da ake yawan yi, rabinta ce gaskiya. Jikin ƙarami ne, wuya da kafaɗa suna hutawa, yara da tsofaffi ba sa tsorata in ka ɗaga ta. Amma gilashi mai jawo nesa mai shan haske, wanda hawa ke buƙata, yana nan da nauyinsa fiye da kilo guda. Kuɗin ma a gilashi yake, musamman tun da darajar naira ta faɗi a 2023. Abin da ya cece mu shi ne zoben haɗi, wanda ke ba tsofaffin gilasan mai madubi damar hawa sabon jiki, ga su kuma ana samu na hannu. Sannan da yawa daga cikin matsakaitan nan ramin katin ajiya ɗaya gare su. Hoton shaƙatawa in ya ɓace an yi asara kaɗan. Ɗaurin aure ba a sake shi. Saboda haka ba na barin biki guda a kan kati guda, ina canjawa tsakanin masallaci da gida, kuma ba na kwanciya sai na kwafe su wuri biyu.

Ban sayar da tsohuwar mai madubina ba. Ranar hawan Bariki ita ke ɗauke da dogon gilashi, marar madubi na ɗauke da gajere, don kada in buɗe ko ɗaya a fili. Kuma da yake watan Musulunci na ja baya da kwana 10 zuwa 11 kowace shekara, ƙaramar Sallah ta baro tsakiyar bazara tana matsowa cikin hunturu. Nan da 'yan shekaru ƙurar kofaton doki da hazon sama za su haɗu mana a rana ɗaya, shi ya sa kuɗin da nake tarawa yanzu na jiki na biyu ne mai rufe sensa da ramin kati biyu.