Wayata ce ko ta kamfani?

Shekara huɗu ina riƙe da wayar nan, sai kamfanin da ya ƙera ta ya daina turo sabuntawa. Ga wasu manhajoji da aka cusa mata tun daga masana'anta, ba na amfani da su, ba sa goguwa, sai shan caji da cin data.

Ranar Asabar na kai wa ƙanena, mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano. Ya ce, "Yaya, ai Android asalinta a buɗe take, kowa zai iya gyara ta, a kan Linux, wani buɗaɗɗen tsarin kwamfuta, aka gina ta. Kamfanoni ne ke ɗora nasu su garƙame." Ya buɗe makullin, komai na ciki ya goge (Allah ya so na kwashe hotunan bikin Umma), ya sa mata LineageOS, wani nau'in Android da masu sa kai ke kula da shi tun bayan rushewar magabacinsa, CyanogenMod, a 2016. Ya ƙara min F-Droid, rumbun manhajojin da kowa zai iya duba yadda aka rubuta su.

Yanzu caji yana kai ni har isha'i. Amma fa manhajar bankina ta ƙi buɗewa, wai wayar ba ta da tsaro. Wayar da na saya da kuɗina! Tun jiya da lambobin USSD nake tura kuɗi.