Tudun San Diyego, 16 ga Yuli

Yau da hantsi na hau tudun Presidio, inda a rana mai kamar ta yau a 1769 Fada Junípero Serra ya kafa gicciye, ya buɗe mishan ta farko a Kalifoniya ta Sama, wato jihar Kalifoniya ta Amurka a yau. Daga sama ana hango kwarin kogin San Diyego, ruwansa ya ja baya saboda rani. Na jima ina kallonsa, don rabin wahalar su Serra daga ruwa ta fito.

Ayari huɗu Sifaniyawa suka tayar daga Baja Kalifoniya, da ke kudu cikin Meziko ta yau, biyu ta teku, biyu ta ƙasa. Jirgin San Carlos ya bar La Paz a Janairu, bai iso ba sai ƙarshen Afrilu, kwana 110 ke nan. Gangunan ruwansa sun yi yoyo, dole aka ɗebi gurɓataccen ruwa a tsibirin Cedros. Ga kuma lissafin taswira da suka gada daga wata tafiyar teku ta 1602, wanda ya sa tashar San Diyego arewa da inda take, suka wuce ta suka yi ta bulayi cikin sanyi. Cimarsu busasshen biskit da nama mai gishiri, ba ɗanyen ganye ba lemo, sai ciwon rashin bitamin C ya kama su: dasashi ya kumbura yana jini, haƙora na girgiɗi, tsohon miki ya sake buɗewa. Jirgi na uku, San José, da aka turo musu daga baya, ya ɓace da guzurinsa.

A ayarin ƙasa, 'yan asalin Baja da aka yi wa baftisma su ne masu sare hanya, kuma da yawa sun mutu ko sun gudu. Serra kansa ƙafarsa ta rure, har sai da mai kula da alfadarai ya daka kitse da ganye, ya ɗumama ya shafa masa, kamar yadda yake yi wa dabba mai mikin sirdi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutanen Kumeyaay, masu ƙasar. Ba yunwa aka tarar da su ba. Suna kamun kifi, suna tara irin ciyawa, suna daka ƙwallon itacen ok su yi ta zuba wa garin ruwa har ɗacin ya fita, sannan su dama. Abincin baƙin ma ƙin ci suka yi, tufafi kawai suke so. Shekarar farko ko mutum ɗaya ba a yi wa baftisma ba. Su kuwa baƙin, shukar farko a bakin kogi ambaliya ta kwashe, ta biyu da suka ja nesa fari ya ƙone ta. A 1774 suka mai da mishan ɗin kusan kilomita 10 cikin kwarin, neman ruwa da nisantar sojoji.

Dabbobin baƙi sun cinye ciyawar da mutane ke ci, sojoji kuma suna yi wa mata fyaɗe. Fada Luis Jayme ya rubuta ƙorafi a kan haka tun 1772. A Nuwamban 1775 ɗaruruwan Kumeyaay daga ƙauyuka da dama suka ƙone mishan ɗin cikin dare, Jayme ɗin na cikin waɗanda aka kashe.

Da la'asar na bi kwarin zuwa mishan ɗin. An binne Jayme a cikin cocin, kusa da bagade.