Bakanike ne ke sayar da ƙaramar mota a Kano

Dillancin mota ne sana'ata a Kano, kuma ƙanana na fi riƙewa: Corolla, Civic, Golf, Peugeot 206, Yaris, sai Picanto jefi-jefi. Mai kallo daga waje zai ɗauka da maƙwabcina nake gogayya, shi ya rage kuɗi, ni ma in rage. Akwai wannan, amma ba a nan ake cin kasuwa ba.

Duk wanda ya zo sayen mota da bakanikensa yake zuwa. Alhaji ya zagaya ya ce ta yi masa, sai ya juya ya ce, "Malam, ya ka gani?" Shi kuwa bakanike, kafin ya buɗe bonet ya riga ya yanke hukunci a ransa: idan ta lalace, akwai kayanta a kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa? Na taɓa ajiye wata 'yar ƙaramar mota mai tsabta, inji lafiya lau, ga rashin shan mai, ta yi watanni tana shan ƙura saboda ko fitilarta ba a samu a gari. Corolla da ta girme ta da shekaru kuwa ba ta kwana biyu a hannuna. Haka Peugeot ta riƙe Arewa tun da aka fara haɗa ta a Kaduna a 1975, domin kowane gari akwai mai gyaran 504. Da Toyota da Honda suka cika kasuwa da kayan gyara masu araha, gareji ya koma wajensu, masu saye suka bi.

Sai gwamnati, wadda kan juya kasuwar da sanarwa ɗaya. A Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, hanyar Kwatano da muka saba ta toshe. A 2023 aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, a watan Yuni kuma aka saki naira kasuwa ta riƙa yanke darajarta. A lokacin mun yi zaton kakarmu ta yanke saƙa, tunda masu manyan motoci sun fara neman mai ƙaramin inji. Neman ya ƙaru, gaskiya ne, amma dala da kuɗin kwastam sun ɗaga farashin 'yar Beljiyam, wato motar hannu da ake shigowa da ita daga waje, har ta fi ƙarfin ma'aikacin da aka yi ta dominsa. Abin yana damuna ƙwarai, in ga malamin makaranta ya yi shekaru yana adashi, ya zo ya ji kuɗi ya koma da ƙafa.

Daga nan abokan hamayyata suka zama waɗanda ba su da filin ajiye mota. Akwai magidancin da ke sayar da tasa ta hannu ta Facebook ba tare da dillali ba. Akwai Adaidaita Sahu, wadda tun bayan hana acaɓa a Kano a 2013 ta sa mutane da yawa suka ga za su iya rayuwa ba mota.

Yanzu kafin in sa kuɗina a wata mota, garejin unguwa nake fara zuwa in tambayi abin da suke iya gyarawa, in leƙa wajen masu kayan gyara in ji farashi. Kuma ina gaya wa mai saye aibin mota tun kafin bakanikensa ya gano. La'adata kan ragu a cinikin, amma bakaniken nan shi ne zai kawo mini mutum na gaba.