Ɗiyar yayata ta dawo da lambar yabo

Alhamdulillah! Jiya ɗiyar yayata ta iso Sakkwato daga Legas da takardar yabo. Ta yi fice a Sinanci, kuma ita ta jagoranci ɗalibai a bikin sabuwar shekarar Sinawa. A Cibiyar Confucius mai koyar da Sinanci ta Jami'ar Legas take koyo.

Da ta fara, dariya ake mata a gida, wai wa za ta yi wa Sinanci a unguwar Mabera? Yau ga kawunta mai saro kaya daga birnin Guangzhou na ƙasar Sin yana binta da waya ta karanta masa rasit, ko kunya babu. Ni dai jagorancin ya fi burge ni, don yarinyar nan da ko sallama sai an matsa mata.

Allah ya ƙara basira, ɗiyata.