Agogon Direba da Baƙina 'Yan Kano a Tsakiyar Turai

Ba ni da mota ko ɗaya, kuma wannan ne abin da ke fara ba mutanenmu mamaki idan na ce sana'ata yawo da baƙi a bas cikin ƙasashen tsakiyar Turai. Kamfanin namu mu uku ne: ni, da uwargida mai riƙe da lissafi, sai wani yaro ɗan Damagaram da ke karatu nan Biyana, babban birnin Ostiriya, yana taya ni idan an yi hutu. Motar haya muke ɗaukowa da direbanta daga wani kamfani a Sulobakiya, mai kujera 49. Baƙin kuwa wani abokin hulɗa ne a Kano yake tara mana su, galibi 'yan kasuwa da iyalansu, da 'yan fansho, jifa-jifa har da amarya da ango. Yawancinsu sun je Makka, sun je Dubai, sun je Sin sarin kaya. Yanzu Turai suke so su gani ba tare da sun sha wahalar neman hanya ba.

Kwana tara muke yi. Uku a Biyana, mu bi ta Bratislava ta Sulobakiya mu yi biyu a Budafest ta Hangari, biyu a Firag ta ƙasar Cek, ɗaya a Salzburg ta Ostiriya, mu dawo Biyana mu kwana su hau jirgi. Da gangan na tsara shi haka. Dokar bizar Shengen, wato biza ɗaya da ke shigar da mutum ƙasashen Turai da dama, ta ce ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta ita za ka nemi biza a wurinta, to da yake kwana biyar na Ostiriya ne, ba a samun gardama kan ofishin jakadancin da za a dosa. Kuɗin bizar ya koma Yuro 90 tun watan Yunin 2024, sai inshorar lafiya wadda ba ta gaza ta Yuro 30,000 ba. Bayarwa ko hanawa ba a hannuna take ba, amma ni ke kwana da ita a rai, domin otal ba ya riƙe maka ɗaki ashirin da biyar sai ka ba da kafin alƙalami. Sai mutum talatin sun zauna a motar nan nake fitar da kuɗina. Abin da ya hau kai shi ne riba. An taɓa hana mutum takwas biza a tafiya guda, muka zaga ƙasa huɗu da kujeru suna hamma, direba da otal suka ci nasu, ni na tashi a tutar babu.

Amma wanda ya fi ofishin jakadanci iko a kaina wata 'yar na'ura ce da ke saman kan direba, ana ce mata takogiraf. Direba yana da kati irin na banki, da ya zura shi ta fara rubuta komai: lokacin da ya tuƙa, gudun da ya yi, lokacin da ya tsaya. Dokar Tarayyar Turai ta 2006 ta yanke masa awa tara na tuƙi a rana, sau biyu a mako ya iya kai wa goma. Bayan awa huɗu da rabi dole ya huta minti 45. Sannan cikin kowane awa 24 sai ya sami hutun awa 11, ana yi masa rangwame zuwa tara sau uku kawai kafin hutun mako. Abin da baƙo ba ya ganewa shi ne, tunda sha ɗaya na hutu ne, sha uku suka rage masa, kuma suna fara tafiya ne daga lokacin da ya kama aiki, ko motar tana gudu ko tana tsaye ƙofar otal tana jiran wani ya gama shafa turare. Motar kanta an ɗaure ta, ba ta wuce kilomita 100 a awa, balle a ce direba zai take ya rama lokaci kamar yadda ake yi a hanyar Kaduna.

A shekarata ta biyu na san haka da kyau. Ranar tashi daga Budafest zuwa Firag ce, tafiya mafi tsawo a shirin, sama da kilomita 500. Direba ya zura katinsa ƙarfe bakwai, an loda akwatuna, an ce tashi ƙarfe takwas. Na ƙirga kawuna, biyu babu. Hajiyoyi biyu sun ji labarin babbar kasuwar nan mai rufi ta bakin kogin Danub, sun ɗauki tasi sun tafi sayen jan barkono da zannuwan tebur masu aikin hannu, wayoyinsu kuma ba layi. Sai goma da rabi suka dawo, hannu niƙi-niƙi da ledoji, babbar tana cewa, "Haba ɗana, ai ba mu daɗe ba, tsarabar ce ba a barin ta." Na haɗiye abin da ke bakina na karɓi ledojin.

Muka tsaya hutun direba, muka tsaya salla da cin abinci, sannan tsakanin Brno da Firag muka faɗa cunkoso, lokacin ana ta gyaran babbar hanyar. Direban ya riga ya cinye rangwamensa uku a makon. Takwas saura kwata ya karkata cikin wani gidan mai, ya kashe mota, ya zare katinsa. Firag saura abin da bai kai tafiyar awa ɗaya ba.

Wani Alhaji, dattijo mai kirki, ya taso daga kujerarsa ya kira ni gefe. "Malam, nawa zai karɓa? Gaya masa ni zan biya." Na ce, "Ranka ya daɗe, ba maganar kuɗi ba ce." Bai yarda ba. Ya ciro takardun Yuro ya nuna wa direban da kansa. Direban ya yi murmushi, ya ɗaga yatsa ya nuna na'urar. 'Yan sanda na iya tsayar da shi bayan makonni su karanta abin da ta rubuta a daren, tara ta hau kansa ta hau kamfaninsa. A ƙarshe ƙananan motoci na kira daga Firag suka yi jigilar mutum talatin da shida zuwa otal, akwatuna suka kwana a gidan mai tare da direba sai da safe. Kuɗin motocin nan daga aljihuna ya fita. Tun daga ranar kasuwar Budafest ta shiga cikin shirin da yammacin ranar farko, kowa ya sayi barkononsa ya huta, kuma a filin jirgi nake raba wa kowa takarda mai lambar wayata da sunan otal, in tabbatar akwai layi a wayarsa.

Sauran aikin na ciki ne da ibada, kuma nan ne na fi manyan kamfanoni amfani ga mutanenmu. Akwai buta goma sha biyu a ƙarƙashin motar, saboda banɗakunan kan hanya takarda kawai ke ciki, ga shi sai ka jefa sulalla ƙofa take buɗewa. Ina tafe da jakar sulalla musamman don wannan. Salla ƙasaru ake yi a haɗa biyu, azahar da la'asar a wurin hutun direba, sai a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Firag sai bayan tara na dare, asuba kuma ta keto mutum bai gama juyi ba. A Disamba kafin huɗu da rabi an yi magariba. Duk Juma'ar da ta same mu a Biyana, babban masallacin unguwar Floridsdorf muke zuwa, wanda aka buɗe a 1979. Baƙi kan yi mamaki idan na gaya musu Ostiriya ta amince da Musulunci a dokance tun 1912.

Abinci kuwa sai da ido. Soyayyen naman nan na Biyana da ake kira shinizel asalinsa na maraƙi ne, amma mai arahar da ke cika gidajen abinci na alade ne. A Hangari ko miyar gulash ta naman sa ce, ana iya soya albasarta da kitsen alade. Saboda haka gidajen abincin Turkawa da Larabawa nake bi, in yi oda tun kafin mu iso. Yaji kowa da nasa a jaka, wannan ba sai na tuna wa Bakano ba. Kilishi ne nake roƙo a bari a gida, domin an hana shigo da nama cikin Tarayyar Turai, kuma karɓewa ake yi a filin jirgi.

Kuɗi ma yana rikita mutane. Ostiriya da Sulobakiya Yuro suke ci, Hangari forint, Cek kuma koruna. Wanda ya canza da yawa a Budafest sai ya iso Firag da damin takardun da ba mai karɓa. Ranar Lahadi shaguna a rufe suke a Ostiriya, saboda haka ba na kuskuren sa ranar sayayya a rukunin shagunan Parndorf da ke kusa da Biyana ta faɗo Lahadi. Fasfo kuma a jiki, ba a cikin akwati ba. An ce babu iyaka a Shengen, amma na sha ganin ɗan sanda ya hau mota yana bin kujeru ɗaya bayan ɗaya. Salzburg sai ka yi wa motarka rajistar lokacin sauke fasinja tun kafin ka zo, in ka makara ka shiga neman alfarma.

Akwai fargabar da ba na faɗa wa baƙi: wani ya sulale ya ƙi komawa. Bai taɓa faruwa da ni ba, amma in ya faru sunan kamfanina ne a takardar gayyata. Shi ya sa na sha mayar da kuɗin samari masu zumuɗi waɗanda ba su tambayi otal ko abinci ba, sai tambayar nisan Jamus.

Wurin da na fi so a duk tafiyar ba ya cikin hotunan talla. A Budafest, kan wani tudu a ɓangaren Buda, akwai hubbaren Gul Baba, wani sufi na Daular Usmaniyya da ya rasu a 1541, shekarar da Turkawa suka karɓi birnin, suka riƙe shi har 1686. Titin da ke hawa can matsattse ne mai duwatsu, bas ba ta shiga, sai a ƙafa. Gadar Charles ta Firag da tsohon agogon birnin na 1410 hoto kawai ake ɗauka a wuce, amma a nan sai ka ga dattawa sun yi tsit. Alhajin nan da ya so ya biya direba, a tafiyar da ya sake biyo mu da amininsa, ya zauna kan dakali cikin furannin wardi yana haki, ya yi addu'a, ya ce mini, "Malam, ashe har nan suka zo." Na duba agogo, saura minti ashirin direba ya tashi, na ce masa ya ƙara biyar, ni zan riƙe masa hannu a gangaren.