Bashin da Gaggawa ke Bari a Cikin Manhaja

Aikin rubuta manhaja ya koya mini cewa ba kowace gaggawa ce take da illa ba, kuma ba kowane sashe na aiki ne yake buƙatar natsuwa iri ɗaya ba. Idan ana gwada sabon tunani ne don a ga ko jama'a za su karɓe shi, to kashe watanni ana ƙawata abin da wataƙila za a watsar asara ce. Amma duk inda manhaja take taɓa kuɗin mutane ko bayanansu, kuskure ba ya gyaruwa da sauƙi, shi ya sa nake dagewa a rubuta gwaje-gwaje, kuma wani abokin aiki ya karanta abin da aka rubuta kafin a sake shi.

A 1992 Ward Cunningham, wani masanin rubuta manhaja, ya kwatanta sakin manhajar da ba ta gama nuna ba da cin bashi: buƙata tana biya nan take, amma kuɗin ruwa yana ta hawa muddin ba a koma an gyara ba. Ni abin da ya fi damuna shi ne bashin da aka manta da shi, domin idan aka ce a saki aiki haka, a gyara daga baya, ba tare da an rubuta abin da aka tsallake ba, ranar da mai shi ya bar aiki babu wanda zai san inda raunin yake.

Abin da ya sami Knight Capital, kamfanin hada-hadar hannun jari a Amurka, ya ƙara mini tsoron wannan. Ranar 1 ga Agusta, 2012, kamfanin ya yi asarar kimanin dala miliyan 440 cikin minti 45. An ɗora sabon rubutun manhaja a kan bakwai cikin kwamfutocin kamfanin takwas, ba tare da wani ya sake duba aikin ba, sai ta takwas ta tayar da wani tsohon sashe da aka daina amfani da shi shekaru da yawa amma ba a goge ba, ta yi ta aika umarnin ciniki ba ƙaƙƙautawa.

Saboda haka a kowane zangon aiki nake neman a ware lokacin goge tsohon rubutu da gyara abin da aka tsallake. Shawo kan shugabanni a kan wannan yana da wuya, domin aiki ne da mai amfani da manhajar ba ya gani, sai na nuna musu yadda ƙaramin sauyin da a da ake gamawa a yini ɗaya ya koma cin mako guda.