Fata ake saye a harkar dankali

Sana'ata wanke dankalin turawa ce, mu tace shi mu zuba a buhun raga mu kai wa masu saye. Ma'aikata shida gare ni, da injin wanki ɗaya da sito. Wanda bai shigo harkar ba zai ɗauka girma ake dubawa, amma wallahi fata ake saye, in ta yi tabo ko da cikin lafiya ƙalau yake sai kayan su faɗo aji na biyu, wahalar manomi ta wata huɗu ta tafi a kan abin da wuƙa za ta fere a jefar.

Wanda ya fara koya min darasi shi ne wani baƙin abu mai kama da busasshiyar laka manne a jikin dankali. Na sa yara suka sake maida kayan cikin inji har sau biyu bai fita ba, sai da farce yake ɓamɓaruwa. Ashe ba laka ba ce, fangas ne, wato ƙwayar cuta dangin fumfuna, da ake kira Rhizoctonia solani, shi ke dunƙule kansa haka ya kwanta a fata yana jiran a shuka shi, in an shuka kuma ya kama tsiron tun yana cikin ƙasa ya ƙone shi. Abin da na lura, manomin da ya kashe ganyen shukar dan shirin girbi ya bar dankali ya daɗe a ƙasa kafin ya tona shi ne yake kawo min wanda ya fi yawan baƙin nan. Barin yana da amfani dan fata ta yi ƙwari, amma in sati biyu zuwa uku ya wuce to fangas ɗin ake yi wa kiwo.

Wanda ya fi cin raina kuwa shi ne wani fangas mai sa fata ta yi ƙyalli kamar azurfa, Helminthosporium solani. Ranar da kaya suka shigo da ƙyar za ka gan shi, sai an jiƙa yake bayyana. A sito yake aikinsa, in akwai ɗumi da laima, musamman in gumi ya kwanta a kan kaya, sai ya bi iska ya kama na lafiya, fatar ta riƙa sakin ruwa dankali ya yanƙwane nauyi ya ragu, asara biyu kenan. Akwai shekarar da fankar sitona ta tsaya kwana kaɗan, abin da na gani bayan wata guda har yau yana min ciwo. Yana da wani ɗan'uwa a kama, Colletotrichum coccodes, mutane da yawa suna haɗa su, ni sai na sa gilashin ƙara girma nake rabewa, shi wannan za ka ga ƙananan ɗigo baƙaƙe kamar an barbaɗa. Bambancin ba ƙarami ba ne, na azurfa yawanci iri ne ke kawo shi, mai ɗigo kuma yana iya shekaru a cikin ƙasar gona, so wanda ya canza iri kawai bai rabu da shi ba.

Sai ƙazuwar dankali, wadda kowa ke ɗora wa fangas alhali mai kaushin nan bakteriya ce, Streptomyces, tana son busasshiyar ƙasa lokacin da dankali ya fara ɗaura 'ya'ya, maganinta ban ruwa a kan kari na sati huɗu zuwa shida. Amma in ruwan ya yi yawa ga sanyi sai ɗaya ƙazuwar mai fashewa da gari ta taso, Spongospora, ita kuma ƙwayoyinta suna haura shekara 10 a ƙasa.

Shi ya sa yanzu ba na jiran kaya su zo ƙofa. Tun kafin shuka nake zuwa wajen manoman da nake hulɗa da su, in ɗebi iri in wanke a bokiti mu duba tare, in tambaya yaushe rabon gonar da dankali, in bai kai shekara uku zuwa huɗu ba gaskiya ba na yin alkawarin saye. Kaya suna isowa fanka ce farko, su bushe sarai, raunukan tono su warke, sannan a ƙara sanyin sito a hankali, sito kuma sai an share ƙurar bara tas kafin buhu ɗaya ya shiga.